Safar Hannun da Wilma Ta Manta a Jaka

A garin Corbin Fork, in ka ji usur da safiyar Asabar daga filin makaranta, to Wilma Tarnowski ce ta fara masifarta. Shekara ashirin da shida tana tuƙa motar kwashe ƙanƙara, kuma kusan duk mai wasan zamiya a kan ƙanƙarar duwatsun nan a hannunta ya koyi neman mutumin da ƙanƙara ta zaftare ta binne. Mijinta haka ya tafi, tana goyon 'yarsu Renate. Sai bayan awa biyu aka tono shi. Tun daga lokacin ba ta san wasa a wannan harka ba.

Kowa a garin yana hawa dutse da 'yar na'ura ɗaure a ƙirji, wadda suke kira 'yar tsuwwa. Kana tafiya tana kira. In aka binne wani, sai duk waɗanda suka tsira su juya tasu zuwa saurare, ta nuna musu taku nawa ne tsakaninsu da shi. Ɗaya tak aka bari tana kira, to an ɓata aikin, ita kowa zai bi. Wilma takan cusa wata tsohuwar 'yar tsuwwa cikin jar safar hannu, ta binne a fili, ta hura usur ta ce, "Minti goma sha biyar gare ku. Bayan haka gawa kuke nema."

Wanda ya fi kowa shan bakinta shi ne surukinta Lucien, mutumin bakin teku da ya zo hutun mako ɗaya ya ga Renate ya ƙi komawa. Ran da ya fara zuwa filin ya manta bai juya tasa ba, mutum goma suka yi ta binsa kamar kaji. Shekara huɗu ke nan, amma har yau ba ta bar shi ya sha ruwa ba.

"Baƙonmu, ka juya kuwa? Ko mu zo mu tono ka kana tsaye?"

"Na juya, Mama."

"Nuna min. Bakinka ba shaida ba ne."

Wata Lahadi a watan Janairu, bayan kwana uku ana zuba ƙanƙara, su ukun suka hau gangaren bayan gari kamar yadda iyalai suka saba. Wilma ta duba na'urar kowa a gindin dutse. Ita babu mai duba ta, wa ma zai fara? Renate ce ta soma sauka. Ta karya kwana sau biyu tana zamiya, a karo na uku sai dutsen ya yi wani gum a ƙarƙashin ƙafafunsu, farfajiyar gangaren ta tsage, ta tafi da ita gaba ɗaya.

Da ƙurar ta lafa, babu komai sai fari. Ko hula babu.

"Juya!" in ji Wilma, ta danna agogonta. Ta juya tata, ta ga Lucien ya juya tasa, suka gangara kan tarin ƙanƙarar da ta zaftaro. Kafin ma ta daidaita tsayuwarta na'urar ta nuna taku ɗaya. Ta ce a ranta Allah ya dube ta, yarinyar tana nan ƙarƙashin ƙafarta. Ta zaro doguwar sandar bincike ta soka, ta soka, ba ta taɓa komai ba. Ta matsa gefe, taku ɗaya. Ta sake matsawa, taku ɗaya dai. Ta ciro shebur daga gefen jakar da ke bayanta ta hau haƙa kamar mahaukaciya.

Minti huɗu.

"Mama," in ji Lucien, "akwai abin da ba daidai ba."

"Rufe min baki ka haƙa!"

"Na ga lamba biyu. Ɗaya tana can ƙasa, nesa. Ɗayar kuma..."

"Kai za ka koya min? Matarka na shaƙewa kana min lissafi!"

Ya kama haƙa, don tsoronta ya riga ya zauna masa a jiki. Minti shida. Ramin ya kai gwiwa, babu komai sai ƙanƙara mai taurin siminti. Wilma ta fito ta koma gefen hagu, sai Lucien ya ga kibiyar na'urarsa ta juya ta bi ta. Ya yar da shebur, ya sha gabanta.

"Mama, ke muke bi."

"Ni? Ga tawa, makaho ne kai? Tana saurare!"

"Ba wannan ba. Jar safar. Jiya bayan darasi, ina kika sa ta?"

Wilma ta tsaya cak. Jiya ta tono safar a gurguje saboda an kira ta cewa hanya ta toshe, ta jefa ta cikin jaka. Ba ta kashe ba. Ta kai hannu baya tana laluben zip ɗin jakar. Lucien bai jira ba, ya fizge jakar daga bayanta ya zazzage, ya zaro na'urar ya kashe. Nan take lambar ta koma taku talatin da takwas.

Minti takwas.

Shi ya yi gaba a guje, ita tana binsa, karon farko a rayuwarta. Ashirin, goma, uku. Sandarsa ta taɓa abu mai laushi. Suka haƙa, tana kiran sunan 'yarta a ranta, da na mijinta. A minti na goma sha uku fuskar Renate ta bayyana, leɓunanta sun yi shuɗi. Wilma ta sa yatsa ta ƙwaƙule ƙanƙarar da ta cika mata baki. Shiru. Can sai yarinyar ta ja wani dogon numfashi mai gurnani, ta fara tari. Wilma ta zube kan ƙanƙara tana kuka kamar ƙaramar yarinya.

Lucien bai gaya wa kowa zancen safar ba, ko matarsa. A gari aka yi ta cewa ai dole, wa zai riga Wilma tono mutum? Wannan yabon ya fi zagi ci mata rai, har ta daina zuwa shagon kofi.

Asabar ta biyu, filin ya cika fiye da kullum. Ta ɗaga jar safar sama, ta ba da labarin da bakinta, ba ta rage komai ba. Ta ce minti takwas ta cinye daga ran 'yarta, kuma ta ƙi sauraron wanda ya gano. Sannan ta sauke jakarta a gaban surukinta, ta buɗe hannuwa.

"Lucien, zo ka duba ni."

"Haba Mama, ai na san kin kashe."

"Duba dai," in ji ta. "Bakina ba shaida ba ne."