Sallayar Mahaifiyar Sedick

Shekara arba'in ina maƙwabtaka da Sedick Kamaldien a Hanover Park, sau ɗaya tak na ji ya ɗaga murya, kuma har yau ina ganin bai ɗaga ta yadda ya kamata ba.

Kafinta ne. Yana ɗan shekara sha huɗu gwamnatin wariyar launin fata ta rushe unguwarsu da ke gindin dutsen Cape Town, aka watso su nan cikin rairayi. Da ya ajiye aiki sai ya koma ƙera ƙananan ɗakuna, kowanne bai fi kwalin takalmi ba. Inci ɗaya a madadin ƙafa ɗaya, ba ragi ba ƙari. Da ruwan shayi yake tsufar da labule.

Shekara uku ya kwashe yana ƙera ɗakin mahaifiyarsu na gidan da aka rushe, saboda yayarsa mai suna Gawa da mantuwa ta kama. Ta manta sunayen jikokinta, amma kullum sai ta tambayi yaushe za a koma gida. Burinsa ta leƙa ta gane gidan, ko sau ɗaya ne. Tana can garin Kimberley mai nisa wajen 'yarta, don haka da wani gidan tarihi ya nemi aron ɗakin, sai aka shirya a kawo ta ranar buɗe baje kolin.

Ni na raka shi. Yana leƙa gilashin da aka rufe ɗakin a ciki na ga fuskarsa ta canza. Tsohon gidansu ba ya fuskantar alƙibla, shi ya sa a karkace mahaifiyarsu ke shimfiɗa sallaya, gefe guda a ƙarƙashin gado. Haka Sedick ya ajiye ta. Yanzu ga ta a miƙe sambal, daidai da bango.

Mai kula da kayan, wani Van Rooyen, ya matso da farar safar hannu yana washe baki.

"Na ga ta goce a hanya ne, Baba, sai na gyara maka. Na sa gam mai ƙarfi, ba za ta sake motsi ba."

"Wa ya aike ka?" Sedick ya daka masa tsawa. "Uwarka ce ko tawa? Buɗe min!"

"Haba Baba, an riga an rufe, ga baƙi sun shigo. Wa zai lura da wannan?"

Wallahi na so in shaƙe shi da safar nan tasa. Mutum da digirinsa, amma tambaya guda ta fi ƙarfinsa!

Muna cikin haka aka turo Gawa a keken guragu. Ta kai fuskarta jikin gilashin, ta fara murmushi.

"Ga butar Mama. La, ga gadonmu!"

Sai idonta ya sauka ƙasa, murmushin ya ɗauke. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗago ta dubi ƙanenta.

"Ina Mama za ta kalla a nan? Sedick, har kai ma ka manta?"

"Yaya, ba ni ba ne..."

"Ku mayar da ni. Gidan wasu ne."

Ya durƙusa ya yi mata bayani har sau uku, ba abin da ya zauna mata. Wata biyu bayan haka ta rasu. 'Yarta ta ce duk wanda ya zo dubiya sai ta gaya masa ƙanenta ya manta gidansu.