Rabin Kafso

A bakin mayankar Oko-Oba, ƙarƙashin fastar zaɓen bara, wani dattijo mai dakon nama yana zaune, gyambon ƙaurinsa yana ruwa. Ya buɗe kafso ja da yalo, ya barbaɗa rabin garin a kai, ya mayar da murfin a hankali.

Mai tallar maganin da ya sayar masa ya ce, "Haba Baba! Haɗiyewa ake yi, kwana bakwai, ya hana ƙwayar cutar gina jikinta. Rabi-rabin nan wayo kake koya mata."

"Na sani, ɗana." Ya ƙulle sauran a haɓar riga. "Na Baiwa ne. Gyambonta ya fi nawa."

'Yarsa ce ko matarsa, oho. Rabi dai ba ya warkar da kowa, kuma ya ce ya sani.