Malam Dunoma Mai Fenti da Bangon Tashar Nguru

Kafin motar farko ta bar tashar Nguru, Malam Dunoma ya riga ya share bakin shagonsa, ya jera gwangwanayen fenti, ya wanke burushi da kananzir. Sana'arsa ke nan tun yana saurayi: ya rubuta addu'a a goshin babbar mota, ya zana dawisu a bayanta, ya yi wa mai kanti allo. Ba shi da yawan magana. In ka ji muryarsa, to shayi yake nema wajen maƙwabcinsa Bobboi, mutumin Nijar da ya daɗe da teburi a tashar, har 'ya'yansa duk a nan aka haife su.

Wata ranar kasuwa jami'ai suka zo kamen marasa takardar zama. Aka haɗa da Bobboi, butarsa na kan wuta. Kafin la'asar hotonsu ya bazu a wayoyi: magidanta a tsugune cikin rana, hannu a ka. Washegari aka ƙetara da su iyaka.

Matarsa Rahima ta zo kwashe kofuna, ta tsaya gaishe da Malam Dunoma.

"Baba, wallahi korar ba ta ci mini rai kamar hoton nan ba," in ji ta. "Duk wanda zai tuna shi yanzu, a tsugune zai tuna shi."

Haƙuri kawai ya ba ta. Tana tafiya ya shafe bangon shagonsa da fari. Kafin Juma'a ta zagayo, sai ga Bobboi a jikin bangon, tsaye ƙyam cikin rigarsa ta Sallah, yana tsiyaya shayi daga sama kamar yadda ya saba.

Direbobi suka shaida ranar da wani jami'i ya zo ya ce a goge.

"Ranka ya daɗe, ni ban zagi hukuma ba," in ji Malam Dunoma. "Ku kun yi aikinku. Ni maƙwabcina na zana, yadda na san shi."

Jami'in ya daɗe yana kallo. "Har da haƙorinsa na Makka ka sa," ya ce a hankali. Ashe shi ma ya sha shayin. Ya juya, bai sake dawowa ba.

Daga nan bangon ya fara cika da sauran waɗanda aka kora: mai gyaran takalmi, masunci daga bakin kogin Gashua, wata tsohuwa mai tallan nono. Kowa da kayan sana'arsa a hannu, kowa a tsaye. Wani direba mai suna Ya'u ya ce a zana masa Bobboi a bayan motarsa ta dabbobi, kuma a wata kasuwa can ƙetaren iyaka, gaba da Machina, Bobboi ya ga kansa yana wucewa. Ya'u ya ce har ƙasa mutumin ya zauna yana kuka, sannan ya miƙe ya ce, "Ashe ba a manta da ni ba." 'Yan tasha suka tsaya masa har ya sami takarda. Ya dawo, yau yana kan teburinsa.

Malam Dunoma, kai ne ka nuna mana cewa takarda takan ƙare, amma mutuncin mutum ba ya ƙarewa da ita. Ba ka ɗaga murya ba, ba ka karya doka ba, kuma ba ka kau da kai ba. Gwani, mai hannun albarka!

Bana hannun Malam Dunoma ya fara rawa saboda tsufa, ya ce zai ajiye burushi. Mun gode, Baba. Allah ya ƙara lafiya, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Mu kuma da muka rage, ba kowa ne ya iya zane ba, amma kowa yana da maƙwabci baƙo. In ba shi da takarda, ka raka shi ya nema tun kafin a zo. In kuma hoton wulaƙancinsa ya faɗo wayarka, to ya tsaya a hannunka.