Luba Mai Kifi da Likitocin Hana Ɓari

Duk wanda ya taɓa cin soyayyar karfasa a ƙauyukan bakin madatsar ruwa ta Tiga ta wajen Bebeji, da wuya idan ba ta hannun Luba ta fito ba, ko da bai san ta ba. A gida take suya. 'Yan sari ne ke shigowa da safe su kwashe, wasu su nufi garin Ƙofa, wasu Kiru, har da masu kaiwa Burumburum ranar kasuwa. Mace ce gajera, kakkaura, mai ɗan karen faɗa, wadda idan tana ciniki sai ka rantse rigima ake yi. Amma a unguwar babu gidan da aka taɓa jinya kwanon Luba bai shiga ba.

Kifi gadonta ne, ko da yake gadon bai yi nisa ba. Kakanninta manoma ne, ba su san ƙugiya ba sai a hannun baƙi. Da aka datse ruwa, garinsu ya nutse, aka taso su zuwa wannan tudun, sai maza suka koyi kamun kifi a kan dole, mata suka koyi suya. Mahaifiyarta, Inna Kande, tana yarinya aka yi tashin, amma har yau idan ta tsaya a bakin ruwa sai ta miƙa hannu ta nuna maka daidai inda rijiyar gidansu take, kai ka ce ganinta take yi. Ita kuwa Luba a tudun aka haife ta. Ta tashi a gaban kasko, ta auri Garzali, masunci mai ɗan taɓa noman rani, mutum mai sanyin hali, wanda maganarsa ta yini guda ba ta kai ta Luba kafin karin kumallo ba.

Abu ɗaya ne ya hana ta sakewa a duniya. Ciki huɗu ta ɗauka, huɗun duk suka zube, kuma duk iri ɗaya. Za ta yi ta zuwa lafiya lau har wata na biyar, ɗa ya fara motsi, sai wata rana tana tsaka da aiki ta ji ruwa ya biyo ƙafarta. Babu ciwon mara, babu naƙuda ta kirki, kafin a samo abin hawa an gama. An sha rubutu, an jiƙa saiwoyi, an ba ta laya ta ɗaura a ƙugu. Wasu suka ce iskar ruwa ce ta biyo ƙarnin kifi. Duk wannan ta jure. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne maganar da ta dawo mata daga wani gidan biki, wai ai Luba sana'a ce a gabanta, ba ta son raino, wa ya sani ko wani abu take sha. 

Bayan wani girbi, ta ga alamar ciki na biyar. Ba ta yi murna ba, tsoro ta ji. Garzali kaɗai ta gaya wa, shi ma a taƙaice, tana juya kifi ba ta dube shi ba. Cikin yana wata uku ke nan sai Baba Mamman mai shela ya ratso unguwarsu a kan kekensa, da lasifika ɗaure a kariya.

"Salamu alaikum, jama'a! Ba ni na ce ba, dagaci ne ya ce in gaya muku. Ranar Laraba likitocin hana ɓari za su sauka a makarantar firamare ta Ƙofa. Mata, iyayen giji, ungozomomi, kowa ya zo. Likitocin hana ɓari, daga birni!"

Luba ta saki matsamin kifi a cikin mai, ta tsaya da kunne har muryar ta ɓace a bayan gari.

To, ga yadda abin yake. Waɗanda za su zo ɗin wata ƙungiya ce ta likitoci, maza da mata, waɗanda ba su yarda da zubar da ciki ba. Aikinsu yawon wayar da kai ne. Suna bin garuruwa suna tara ungozomomi da masu kemis da iyaye, suna yi musu bayani cewa abin da ke ciki rai ne kuma amana ne, suna nuna illar ƙwayoyi da haɗe-haɗen da ake ɗirka wa mata a ɓoye, suna roƙon manya su riƙa rufa wa yarinyar da ta shiga matsala asiri maimakon su tura ta ga halaka. Saƙon da aka ba Baba Mamman ke nan: likitoci masu yaƙi da zubar da ciki. Shi kuwa dattijo ya juya kalmar a bakinsa, ya ji ta yi masa nauyi, sai ya nemo 'yar'uwarta mai sauƙin faɗa. A ganinsa ai duk tafiyar ɗaya ce.

Ranar Laraba likitocin sun zo da shirin tarar da 'yan tsirarun ungozomomi a aji ɗaya. Sai suka iske filin makaranta cike maƙil da mata, wasu tun daga Kiru, wasu daga rugagen Fulani na wajen Tudun Wada, mazajensu na jingine da acaɓa a gindin darbejiya. Aka fito da benci waje. Shugabar tawagar, Dakta Khairiyya, doguwar mace mai farin gilashi, ta ji daɗin taron ƙwarai. Ta rataye manyan hotuna a bango, ta yi sallama, ta fara.

Ta iya bayani, wannan kam ba a ƙwace mata ba. Ta nuna yadda ɗa yake a wata na farko, ɗan mitsitsi, ta nuna lokacin da zuciya ke fara bugawa. Mata suna ta jiran a zo wajen magani. Da ta iso hoton wata na biyar, Luba ta sunkuyar da kai. Ba ta buƙatar hoto. Ta riƙe irinsa a tafin hannunta, ta san har yadda farcensa yake.

Daga nan likita ta shiga ainihin abin da ya kawo su. Ta ce duk wadda ta sha wani abu don ta zubar da wannan, ta sani rai ta taɓa, kuma nata ran ma ta jefa a haɗari. Ta ce kada ungozoma ta taimaka, kada mai kemis ya sayar. Tana maganar tana bin fuskoki da kallo, kamar yadda kowane mai jawabi ke yi, sai idonta ya sauka a kan Luba. Luba ta ji kamar an watsa mata man suya. Wato maganar gidan biki har ta kai birni? Wato tara mata aka yi don a yi mata wa'azi a gabansu? Ba ta san lokacin da ta miƙe ba.

"Likita, Allah ya ba ki haƙuri, ni ban iya zagaye-zagaye ba. Mu nan da kika gani, ba zubarwa muke yi ba. Zubewa yake yi. Ni huɗu na binne. Wannan na hoton naki, na san shi fiye da wanda ya zana shi. Ban taɓa shan komai ba sai abin da aka ce zai riƙe mini, Allah shi ne shaidata, kuma masu cewa na sha suna nan zaune suna jina. An ce mana likitocin hana ɓari sun zo, shi ya sa muka bar ayyukanmu. In akwai maganin, a ba mu. In babu, a sallame mu, rana tana yi."

Sai wuri ya kaure. Wannan ta ce nata uku, waccan ta ce biyu, wata tsohuwa ta ɗaga hannun jikarta sama. Dakta Khairiyya ta cire gilashi, ta tambaya a hankali, "Me aka ce muku a shela?" Aka nemo Baba Mamman daga cikin maza, ya zo yana gyara hula.

"Ranki ya daɗe, surukaina suna garin nan, 'ya'yana mata suna aure a garin nan. Da wane bakin zan ɗaga lasifika in faɗi waccan kalmar? Na ga ai ɓari ma ciki ne ya fita."

Har waɗanda suke hawaye sai da suka yi dariya. Likita ba ta yi masa faɗa ba. Ta juya wajen abokan aikinta ta ce, "Mun zo ne don abin da ke ciki ya rayu. To ga masu neman hakan sun kawo kansu. A naɗe hotunan nan tukuna." Aka share aji biyu, aka haɗa tebura, aka rataye zannuwa a taga. Ba su zo da kayan aiki masu yawa ba, amma sun zo da na awon jini da kunnuwansu. Wasu matan aka gano jininsu ya hau, wasu zazzaɓin cizon sauro ne ke cin su, wasu kuma likitocin suka faɗa musu gaskiya cewa sai an yi gwaji a asibiti kafin a sani. Ungozomomi da masu kemis sun samu nasu jawabin daga baya, bayan la'asar.

Da layi ya zo kan Luba, ta shiga tana cin magani, don har lokacin ranta bai gama hucewa ba. Likita ta fara ba ta haƙuri, sannan ta shiga tambaya. A wane wata yake fita? Da ciwo ko babu? Jini ne ke fara zuwa ko ruwa? Luba tana amsawa, likita tana gyaɗa kai.

"Yanzu akwai wani?"

Luba ta dubi ƙofa, ta rage murya. "Wata uku."

"Alhamdu lillahi da kika zo yau, ba wata mai zuwa ba. Yaya, ina zargin bakin mahaifarki ne ba shi da ƙarfi. Idan ɗa ya fara nauyi sai ya buɗe da kansa, kamar buhun da ba a ɗaure bakinsa ba."

"Wato ba wani abu na yi ba?"

"Ba abin da kika yi. Halitta ce. Kuma ana ɗaurewa da zare, a bar shi har ciki ya tsufa, sannan a kwance."

"Zare? Shekara da shekaru ina binne 'ya'ya a kan zare?"

"Ban yi miki alkawari ba, rai na Allah ne. Amma an yi wa mata da yawa, an dace."

Luba, wadda ko a ɓarinta na huɗu ba wanda ya ga hawayenta, ta kifa kai a kan teburin 'yan makaranta ta yi kuka mai isarta. Likita ta ƙyale ta, ta ɗauki waya ta kira wata abokiyar aikinta a wani asibiti a Kano.

A makon aka kai ta Kano, aka yi hoton ciki, aka tabbatar, aka ɗaure. Aikin bai daɗe ba. Abin da ya daɗe shi ne dokar da ta biyo baya: ba ɗaukar bahon kifi, ba jan ruwa a rijiya, ba faskare, ba doguwar tsayuwa a gaban murhu. A ce wa Luba ta zauna! Inna Kande ta tattaro kayanta ta tare a gidan, ta karɓi kasko. Garzali ma ya ce zai taimaka, ya yi gwajin suya sau ɗaya, 'yan sari suka tambaya ko gawayi aka koma sayarwa. Luba tana kishingiɗe a tabarma tana ba da umarni, a rage wuta, a ƙara gishiri, wannan yajin wa aka yi wa rowa. Hannunta ya huta, bakinta kam bai ga hutu ba.

Wata na biyar ya kama. A cikinsa ko faɗan ma ta daina. Ko tari ta yi sai ta dafe mara, ko fitsari za ta sai ta duba zaninta. Garzali ya rage fita ruwa, yana ta ƙirƙiro gyaran komar kamun kifi a tsakar gida. Watan ya shige, na shida ya bi bayansa, ɗa yana ta harbin haƙarƙari. Luba ta shiga watannin da ba ta taɓa sani ba. Ƙafa ta kumbura, baya ya ƙage, ta kasa ganin yatsunta, kuma kowane sabon ciwo sai ta tare shi da murna, tana kiran Inna ta zo ta gani. Labari ya zo cewa ƙungiyar, a zagayenta na Doguwa, ta tafi da ɗakin duba masu ciki tare da jawabin, kuma wannan karon sun zauna da mai shelar garin sun daidaita kalma kafin ya hau keke.

Da lokacin kwance zaren ya yi, sai Luba ta tubure. Ta ce a bar mata abinta, shi ne ya riƙe mata ɗa. Sai da Dakta Khairiyya da kanta ta yi mata magana a waya, tana dariya, ta ce, "Yaya, ai yanzu fitowar muke so." Aka kwance. Ba a jima ba naƙuda ta zo, ta gaske, mai sa mace ta kira sunan uwarta, Luba tana salati tana godiya a haɗe.

Da hantsi ta haihu, namiji, wanda daga baya aka raɗa wa suna Musaddiq. Ya faɗo da tsala ihu, ya cika ɗakin haihuwa har Garzali ya jiyo daga baranda ya zauna daɓas a ƙasa. Ma'aikaciyar jinya ta goge shi, ta naɗe a zani, ta shiga jijjiga shi tana cewa yi shiru, yi shiru, ɗan baba.

Luba ta ɗago kai da ƙyar, gumi ya jiƙa mata fuska.

"Malama, don Allah kar ki rarrashe shi. Ki bar shi ya yi. Ban taɓa jin kukan nawa ba."