Ɗigon Fensir a Fom ɗin Falmata

Cikin shekaru talatin da biyar da na yi ina aikin gwamnati, ranaku da yawa sun shige mini duhu, amma ban taɓa mantawa da ranar Litinin ɗin da Hajiya Asabe ta zazzage koren fayil ɗina a kan tebur ba. Ku da kuka zo aiki bayanmu kuna yawan tambayata abin da ya sa nake faɗa idan na ga an ware fom ɗin wani a gefe ba a rubuta dalili ba. To ga dalilin, kuma ba labarin da zai ƙara mini kwarjini a idonku ba ne.

A lokacin ina mataki na bakwai, ni ne babban akawu a sashen mulki na sakatariyar wata ƙaramar hukuma a wannan yanki namu. Teburina shi ne na takardar shaidar asali, wadda yara ke kira indijin. Ga wanda bai san tsarin ba, mai nema yakan fara da mai unguwarsa ya rubuta masa shaida, dagaci ya sa hannu, hakimi ya buga hatimi. Sai ya kawo mana tare da hoton fasfo biyu, ya cike fom. Ni zan duba, in miƙa wa Hajiya Asabe mai buga takardu, daga nan sai teburin Daraktan Mulki ya sa hannu. In komai ya cika, aikin kwana biyu ne, wani lokaci ma yini guda.

Sai aka aiko mana da takarda daga sama cewa ana zargin wasu mutanen tsallake, wato Nijar, suna karɓar takardar, don haka a sa ido. Ba a faɗi yadda za a sa idon ba, ni kuwa ban tambaya ba. Na ƙirƙiro tawa dabarar. Duk wanda raina bai kwanta da shi ba, sai in yi ɗan ɗigo da fensir a kusurwar fom ɗinsa, in saka a wani koren fayil. Abin da ya shiga koren fayil sai an rubuta wa hakimi ya sake tabbatarwa, kuma kafin wasiƙa ta je ta dawo a kan yi mako uku. Da wani ya tambaye ni me nake dubawa kafin in yi ɗigon, da na ce gogewa ce. Har alfahari nake yi a wurin shan shayi, ina cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima.

Wata Litinin cikin damina wata yarinya ta shigo, doguwa, ta naɗa lafaya. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta miƙo takardunta a cikin leda don kada ruwa ya jiƙa su. Sunanta Falmata Bukar Kyari. Shaidar mai unguwa tana nan, sa hannun dagaci yana nan, hatimin hakimi ya fito raɗau.

Ta ce, “Baba, don Allah a taimaka mini. Na samu gurbi a makarantar koyon jinya, ranar Juma’a ake rufe tantancewa. Sun ce in babu wannan takarda ba za su karɓe ni ba.”

Na ce, “Daga ina kuke?”

“Daga Rijiyar Kyari, Baba. In an bar titin Kazaure zuwa Babura, sai a yi yamma kaɗan.”

“A’a, asali nake nufi. Daga ina kuka zo?”

Ta ce, “Nan ne, Baba. Nan aka haife ni, nan aka haifi babana.”

Na yi murmushi irin na wanda ya riga ya gano komai. Na dubi sunan, na dubi lafayar, na ce a raina ai akwai Barebari har a Damagaram. Na ce ta dawo Laraba. Tana juya baya na yi ɗigona.

Laraba ta dawo, na ce ana kan aiki. Alhamis sai ga ta da mahaifinta, Malam Bukar, dattijo mai tsagar Barebari a fuska, ƙafarsa duk taɓon hanya. Ya yi sallama, ya tambayi iyali da damina, sannan ya ce, “Malam, an ce takardar yarinyar nan ta tsaya. Ko akwai abin da muka rage mu je mu kawo?”

Na ce, “Ana bincike ne.”

“Binciken me, Malam?”

“Tsarin aiki ne, ba ni na kawo shi ba.”

Ƙarya na yi, domin ni na kawo shi. Hausar dattijon nan ta fi tawa tsabta, amma kunnena bai yi aiki ba a ranar, idona ne kawai ke kan tsagar fuskarsa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “To, Allah ya sa mu dace,” ya kama hanya, ’yarsa na biye da shi. Ni kuwa na ci gaba da aikina, raina fes, ina ganin na tsare amanar gwamnati.

Duk makon nan Hajiya Asabe ba ta nan, ’yarta ta haihu a Roni ta je zaman suna. Waɗanda suka san ta sun san ba ta da mataki mai girma, amma ba ta tauna magana, ko Darakta yana shakkar bakinta. Litinin ta dawo, ta raba mana cincin da dubulan, ta buɗe durowata tana neman abin maƙale takarda, sai ta ci karo da koren fayil ya yi ƙiba.

Ta ce, “Malam Hamisu, wannan kuma kayan wane ne?”

Na yi mata bayani ina ƙafafa, har da maganar ido da mudu. Ta zazzage fayil ɗin a kan teburina, ta jera fom ɗin ɗaya bayan ɗaya, goma sha tara. Sai ta fara karanta sunayen da ƙarfi, kamar mai kiran yara a aji. Jauro. Modu. Inna Wuro. Agali. Ja’e. Fanna. Ta karanta har ƙarshe.

Ta ce, “Nuna mini Musa ɗaya a nan. Ko Garba, ko Ilu, ko Talatu.”

Babu.

“To nuna mini abin da ya rage a takardun wannan.” Ta ɗaga na Jauro. Na duba, babu abin da ya rage. Ta ɗaga na Fanna, shi ma haka. Cikin goma sha taran nan, biyu ne kawai ke da giɓi na gaske, ɗaya ba hatimi, ɗaya ba hoto. Sauran duk sun cika, laifinsu suna ne, ko hasken fata, ko rawani, ko tsaga.

Raina ya ɓaci, na hau kare kaina. Na ce, “Haba Hajiya, ni za ki yi wa wannan fassara? Ni da babban aminina Bafulatani ne, tare muke cin kasuwar Babura? Ni da ban taɓa zagin ƙabilar kowa ba?”

Ta ce, “Ban ce ka zagi kowa ba. Da zagi ka yi da ya fi sauƙi, sai su rama su wuce. Kai fensir ka sa. Kuma an ce maka a sa ido kan mutanen tsallake, to Hausawan tsallake fa, da suke da sunanka da bakinka, nawa ka tsayar?”

Ban tsayar da ko ɗaya ba. Ban ma taɓa tunanin haka ba.

Sai ta gyara tsayuwa ta ce, “Malam Hamisu, tuna mini, kakan nan naka da kake ba mu labarinsa kullum, mai jakunan kanwa, daga ina ya zo?”

Kowa a ofishin ya san amsar, domin ni da bakina na sha faɗa. Kakana Garba daga Damagaram ya zo, ya yi aure a nan, ya zauna. Ni jikan baƙo ne sak, amma sunana Hamisu Garba, fuskata ba tsaga, don haka ranar da na nemi tawa takardar ko minti goma ban yi ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ta zaro fom ɗin Falmata, ta ɗora yatsa a layin suna, ta ɗora wani a layin gari. “Karanta.” Falmata Bukar Kyari. Rijiyar Kyari. Ta ce, “Sunan kakanta ke kan garin. Mutanen da aka sa wa gari sunansu kake tambaya daga ina suka zo.” Sau uku fom ɗin nan ya bi ta hannuna, ban haɗa layin biyu ba. Kunya ta rufe ni, sai a lokacin na tuna Juma’a ta riga ta wuce.

Na kwashi fom ɗin duka na shiga wurin Darakta. Na ce, “Ranka ya daɗe, na yi kuskure, na zo in faɗa da bakina.” Ya saurare ni har na gama, ya tambaye ni wa ya ba ni umarnin ɗigo. Na ce babu. Ya ce zan amsa takardar tuhuma, kuma na amsa, tana cikin fayil ɗina har na yi ritaya. Ya umarci Hajiya Asabe ta buga goma sha bakwan da suka cika, ya sa hannu kafin azahar. Na roƙe shi izinin kai ta Falmata da kaina, ya ce in je.

Na hau babur ɗina. Hanyar ta ɓaci da ruwa, sau biyu ina sauka in tura. Ina shiga garin abin da na fara gani ita ce rijiyar, tsohuwa, itacen bakinta duk igiya ta ci shi ta yi masa kwari. Mata na jan ruwa, shanun Fulani na jiran a zuba musu a kwami. Na tambayi gidan Malam Bukar, aka nuna mini shi zaune a gindin dalbejiya yana gyaran ƙotar fartanya.

Ya gane ni. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka kawo mini ruwa a kwanon sha, sai da na sha sannan ya bar ni na yi magana. Na miƙa masa takardar, na gaya masa gaskiya duka, har da ɗigon, har da kakana. Na ce ya yafe mini.

Ya ce, “Ta je ranar Juma’ar, Malam. Ta tafi da shaidar hakimi ko za su duba. Suka ce ƙa’ida ce, ba su da yadda za su yi. An ba wata gurbin. Sai baɗi, in da rai.”

Ya aika aka kira ta. Ta fito hannunta da dusar masara, ta goge a zane, ta durƙusa ta karɓi takardar da hannu biyu. Ta ce, “Na gode, Baba.” Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini daɗi. Ta koma ciki, ban sake jin motsinta ba.

Malam Bukar ya nuna rijiyar da haɓa. Ya ce, “Ruwan da ka sha, mahaifina ne ya haƙa. Lokacin nan daji ne, sai kura. Bai taɓa tambayar mai ƙishi daga ina yake ba.” Ya ci gaba da fere ƙotarsa, can ya ƙara da cewa, “Na yafe maka nawa. Shekarar kuwa tata ce, ba ni da ikon yafe ta.”

Da na dawo, ni da Hajiya Asabe muka zauna muka rubuta abubuwa biyar da ake dubawa a kowane fom, Darakta ya amince, aka liƙa a bango inda mai nema zai gani. Duk fom ɗin da za a tsayar, sai an rubuta dalili da biro, a sa suna da kwanan wata, a kuma gaya wa mai shi a fuskarsa abin da ya rage. Ni kuma na ɗora wa kaina wata al’ada: in rufe hoto da suna da tafin hannu, in duba hatimi da sa hannu tukuna. Kada ku ɗauka na warke a rana ɗaya. Har na bar aiki, in na ga wani suna ko wata fuska, nakan ji hannuna yana neman fensir. Bambancin kawai shi ne na san shi, ina kama shi kafin ya kai ga takarda.

Abin da wannan aiki ya koya mini shi ne, mai tauye wa mutane haƙƙi a ofis ba lallai ne ya zama mugu ba. Sau da yawa mutum ne mai sallah a kan lokaci, mai zuwa aiki da wuri, wanda ya yarda da idonsa fiye da takardar da ke gabansa. In ranku ya ce muku wani bai yi kama da ɗan nan ba, ku tambayi ran naku da wa yake auna shi. In kuma kun kasa rubuta dalilin tsayar da mutum da biro ku sa sunanku a ƙasa, to ba ku da dalili. Ku kuma riƙe irin su Hajiya Asabe da kyau, ko da bakinsu na da zafi, domin mutum ba ya ganin ƙeyarsa.

Na ji Falmata ta samu shiga makarantar da shekara ta zagayo, ta gama, tana aiki a wani asibiti wajen Gwiwa. Ban taɓa zuwa ba. Ƙawayenta da suka shiga a waccan Juma’ar sun riga ta da shekara guda a aiki, za su riga ta ƙarin girma, za su riga ta komai har ranar ritaya. Ɗigon da na yi kuwa, Hajiya Asabe ta goge shi da abin goge fensir a gabana, ko daƙiƙa biyu bai ɗauka ba.