Lallen Bakin Rijiya

Bara na ɗauki littafi da biro na ce zan rubuta tarihin lambunmu na bayan garin Daura, inda gidanmu ya daɗe yana renon dashen lalle yana sayar wa manoma. Na zaci aikin mako biyu ne. Ban san laifina zan tono da hannuna ba.

Muna yara, da an idar da sallar isha'i lokacin sanyi, kakarmu Iya Kulu kan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, ta baje busasshen lalle a faifai tana tsince ƙaya. Mu kewaye ta ana ture-turen wurin ɗumi. Ni ne na hannun damanta, don ta ce ni ne mijinta, ko da yake miji ne da ba ya cefane.

"Ga ta nan ta iso da ƙafarta," in ji ta.

"A ba ta tabarma," mu amsa.

Tatsuniyoyinta ba sa ƙirguwa, amma akwai ɗaya da take maimaitawa har ta gundure mu. Wai a wata shekarar fari mutanen wani gari can arewa suka tashi gudun yunwa. Kowa ya ɗauki guzuri, sai wata yarinya, Ta-Rana, ta yanko reshen lallen uwarta da ta rasu ta tsoma a goran ruwanta. Ƙishi ya kama ta, abokan tafiya suna cewa ta jefar da itacen ta sha, ta ƙi, sai dai ta lashi raɓa da asuba. Inda ƙafarta ta gaza, nan ta dasa shi a bakin wata rijiya, ya kama.

"Iya, ai wawuya ce," na ce mata wata rana. "Wa ke cin lalle?"

Ta dungure min kai. "Kai dai ci ka sani, maigida. Tuwon da ke cikinka daga sama ya faɗo?"

Muka yi dariya, ba wanda ya auna maganar.

Da na gama makarantar aikin gona na dawo kaina a kumbure. A bakin rijiyar lambu akwai wani tsohon lalle da ya yi kututture, ganyensa ƙanana. Iya ba ta yarda a yanki dashe sai a jikinsa, kuma ita ke yanka da hannunta. Na ce tsufa ya cinye shi, wurin ya fi dacewa da mangwaro mai aure. Ranar da ta tafi suna ƙauye na sa gatari na tumɓuke shi har saiwa. Da ta dawo ta daɗe tsaye a wurin. Abin da ta ce kawai shi ne, "Sannu da aiki." Daga ranar ba ta ƙara yin tatsuniyar Ta-Rana ba, ƙananan ƙannena ba su taɓa jin ta ba, ni kuma ban lura ba har ta rasu.

Binciken nan ne ya kai ni garin Babban Mutum, wurin ƙawar Iya, Baba Hajara, wadda yanzu ko gani ba ta yi sosai. Cikin hira na ambaci tatsuniyar don ta yi dariya.

"Wace tatsuniya, ɗan nan? Ta-Rana ai uwar Kulu ce. Ta kan iyakar Kongolam suka shigo. Lallen bakin rijiyarku shi ne wanda ta riƙo."

Na ajiye biron.

"Shekarar da ya mutu Kulu ta zo nan da tsufanta," ta ci gaba. "Nan inda kake ta zauna ta yi kuka, ta ce yau ne uwarta ta mutu mata."

"Baba, ta gaya miki abin da ya same shi?"

"Ta ce gara ce ta cinye."

Na daɗe ina ɗaukar darasin tatsuniyar haƙuri ne kawai. Yanzu na gane asalinmu take gaya mana ta hanyar da yaro zai zauna ya ji. Na tumɓuke mata abin da ya rage na uwarta, ita kuwa ta ɗora wa gara laifina don kada a zage ni a garin mutane. Kunyar nan har yau ba ta sake ni ba. Ta yafe min ban roƙa ba, kuma ta tafi ban ce mata ta yi haƙuri ba.