Wasan Shitu Mai Faci Na Biyu

A Kwanar Dangora, gefen inda motocin Tudun Wada ke lodi, akwai wata rumfar faci da Shitu ya shekara goma sha tara a cikinta. Haifaffen Ɗansoshiya ne. Mahaifinsa ya so ya gaje shi a noman dawa, shi kuwa hannunsa ya fi karkata ga gurmi, wanda ya koya wurin wani kawunsa. Faci ke ciyar da gidansa. Waƙa kuwa takan zo masa ne yana tsugune gaban bahon ruwa, yana neman inda taya ke huci.

Sunansa ya fita shekara huɗu da suka wuce, lokacin da ƙungiyar matasan Kiru ta nemi wasan kwaikwayo. Shitu ya shirya musu wasa mai waƙa a kan manomi da makiyayi da suka yi rigima kan rijiya ɗaya. Waƙa tara, duk nasa. Amma wani malamin Hausa, Malam Mu'azu, shi ya riƙa zama da shi yana rubutawa, yana nuna wa 'yan wasa inda kowa zai tsaya. Aka yi wasan a Kiru, aka yi a Bebeji, mutane har kan katanga. Daga baya aka mayar da Malam Mu'azu Doguwa.

Bara Shitu ya ce zai yi na biyu, a kan wani maharbi a bakin dajin Falgore da ya ajiye bindigarsa. Kwana uku ba a yi ba wani direba mai suna Sabo ya kawo taya, ya tsaya a kansa.

"Na ji za ka sake. Malam ya dawo ke nan?"

"Ina ruwan Malam da wannan?"

"A'a, tambaya ce kawai," in ji Sabo, yana murmushi.

Murmushin nan ya tsaya wa Shitu a rai. Ya fara lura. Idan ya doso teburin mai shayi sai ya ga hira ta canja. Ya gane abin da ake cewa: wasan farko na Malam Mu'azu ne, shi gurmi kawai ya kaɗa. Sai ya rantse ba wanda zai sa masa hannu a wannan. Da Malam ya bugo waya yana masa fatan alheri, ya amsa a taƙaice, ya kashe, ya yini yana tunanin wa ya kai masa labari.

'Yan wasan ma bai yarda da su ba. Kowa ya ba shi nasa kason, bai gaya wa kowa ƙarshen labarin ba. Ukasha, wani tela da zai fito a maharbin, ya gaji ya ce, "Yaya Shitu, mutuwa zan yi ko rayuwa? Ka faɗa min in san yadda zan riƙe fuskata."

"Ranar za ka sani."

Ana haka, wata ranar kasuwa ya shiga Tudun Wada sayen gam, sai ya ji amshin waƙar maharbin na tashi daga wayar wani mai nama. Bai ko sayi gam ɗin ba ya juyo, ya zarce shagon Ukasha, ya ce masa shi ya sayar da waƙar. Ukasha ya cire ƙafa daga keke, ya rantse da girman Allah. Shitu ya wuce gida, ya tsare matarsa Saude da tambaya ko ta rera wa wata.

Saude ta ce, "Maigida, ka saurari muryar kuwa? Ta wa ce?"

Sai a lokacin ya tuno muryar. Tasa ce. Har ƙarar injin iska ana ji a bayanta. Ashe yana aiki yana rerawa bai sani ba, wani direba ya ɗauka a waya. Ya koma ya ba Ukasha haƙuri, amma daga ranar ya daina waƙa a rumfa, kuma duk wanda ya zaro waya a gabansa sai ya bi shi da ido.

Bayan girbi aka yi wasan a filin ƙwallo na Kiru, da la'asar. Jama'a ta cika, da yawansu sun zo ne su ga abin da zai iya shi kaɗai. Waƙoƙin sun ratsa mutane. Wata tsohuwa har ta yi guɗa. Labarin ne ya ƙi tafiya. Ba wanda ya gane dalilin da maharbin ya ajiye bindiga, domin Ukasha kansa bai sani ba. Sau biyu 'yan wasa suka tsaya cirko-cirko suna kallon Shitu. Kafin a kai ƙarshe aka kira magariba, rabin fili ya watse.

Gari ya yanke hukunci: waƙa tasa ce, ba shakka; haɗa labari kuwa ba hannunsa ba ne. Shitu ya ji. Har yau yana rumfarsa, bai kuma ce zai yi na uku ko ba zai yi ba.

Kwanan baya wani dattijon Bafulatani ya tsaya da babur, babu abin da ya sami tayarsa. Ya ce daga wajen Falgore yake, ɗansa zai yi aure, suna so ya zo ya yi musu waƙar maharbin. Shitu ya goge hannu a wando, ya dube shi sama da ƙasa.

"Baffa, wa ya aiko ka?"

"Ba kowa. Waƙar muka ji, muka so."

Sai da Shitu ya maimaita tambayar sau biyu, sannan ya tambayi ranar bikin.